Maganin Feshi Mai Korar Ruwa: Amfaninsa Ga Bindigar Farauta Da Kayan Gida

Damina uwar albarka ce, amma ba ta rasa tata ɓarnar. Daga watan Yuni zuwa Satumba, duk abin da aka yi da ƙarfe a gida yana shan wuya. Bakin fartanya ya yi ja. Kwaɗon ƙofa ya ƙi buɗuwa. Kacar keke ta ƙage. Takalmin sallah ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Maharbi kuma ya sauko da bindigarsa bayan kaka, ya tarar tsatsa ta ci cikinta. Duk wannan asara ce, domin sai an sake fitar da kuɗi an gyara, ko an sayi sabo.

A shagunan masu sayar da kayan babur da na mota, da manyan kantunan birni, ana sayar da wani magani a cikin gwangwani. Fesa shi ake yi a jikin kaya domin ya hana ruwa zama. A wannan wata za mu yi bayanin yadda yake aiki, da inda yake da amfani, da inda zai jawo ɓarna. Tun da farko a lura, gwangwaninsa ya yi kama da na maganin sauro. Kada a ajiye su wuri ɗaya. A karanta sunan da ke jiki kafin a danna.

Me Yake Kawo Tsatsa?

Abu 3 ne suke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe da ruwa da iska. In babu ɗaya daga ciki, babu tsatsa. Shi ya sa lauje yakan yi duk rani a rataye bai yi komai ba, amma kwana 2 a cikin marka ya ishe shi ya canja launi. Ba sai ruwan sama ya taɓa ƙarfe ba. Raɓa ta isa. Laimar ɗaki ta isa. Har gumin hannu yana kawo ta, domin akwai gishiri a cikinsa, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa. Takin zamani ma haka yake. Wanda ya jingina garmarsa da buhun taki zai gani da idonsa.

Mugun halin tsatsa shi ne ba ta tsayawa a sama. Tana kumbura, ta yi ɓawo, ta riƙe danshi, sannan ta ci gaba da cin ƙarfen da ke ƙarƙashi. Kwanon rufi ma ƙarfe ne. Abin da ya sa yake daɗewa, an lulluɓe shi da tutiya tun a masana'anta. Inda tutiyar ta goge, ko inda ƙusa ta huda, nan ja yake fara fitowa. To, dabarar duka ita ce a sa wani abu tsakanin ƙarfe da ruwa. Fenti da giris da mai da kaki da feshi, duk aikin da suke yi ke nan.

Ganyen Gwaza Da Gashin Agwagwa

Duk wanda ya saba shiga fadama ya ga ganyen gwaza bayan an yi ruwa. Ruwan ba ya jiƙa shi. Sai ya dunƙule kamar duwatsun wuya, ya gangara ya faɗi, ganyen yana nan a bushe. Agwagwa ma ta yini a kududdufi, ta fito ta girgije, shi ke nan. Tana da wani ƙullin mai a gindin wutsiyarta. Da baki take lakato man, ta shafe gashinta da shi.

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Jamus, Wilhelm Barthlott, ya fara duba irin waɗannan ganyaye da babban madubin likita a shekarun 1970. Ya fi mai da hankali ga wani irin bado na ƙasashen Asiya. Ya gano cewa bayan ganyen ba sumul yake ba. Cike yake da 'yan ƙananan ƙuraje waɗanda ido ba ya gani, kuma kaki ya rufe su. Ɗigon ruwa sai ya tsaya a kan tsinin ƙurajen, bai sami wurin kamawa ba. Yana gangarawa yana kwashe ƙurar da ke kan ganyen. Wannan hikima ta Ubangiji ce masu masana'antu suka kwaikwaya.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Maginan gargajiya suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su haɗa da ƙasar yaɓe domin ruwa ya riƙa zamewa daga bango. A manyan gidajen birane irin su Kano da Zariya, da laso ake shafe soro: katsi daga karofi, da gashin akuya daga majema, da dafara. Dukawa kuma suna shafa wa fata mai. Abin da gwangwanin feshi ya fi su da shi, yana shiga lungun da hannu ba ya kaiwa, kuma yana da sauri.

Ba Duka Ne Iri Ɗaya Ba

Wanda aka fi gani a hannun makanikai shi ne WD-40. Gwangwaninsa shuɗi ne da rawaya, da jan murfi, da ɗan siririn jan tsinke mai rami. Wani ƙaramin kamfani ne ya haɗa shi a birnin San Diyego na Amurka a shekarar 1953. Harrufan W da D suna nufin kawar da ruwa a Turanci. Lambar 40 kuwa, kamfanin ya ce sai a gwaji na 40 suka dace. Da farko an yi shi ne domin tsare jikin wani babban makami mai linzami mai suna Atlas daga tsatsa. A 1958 aka fara zuba shi a gwangwanin feshi ana sayar wa jama'a. Yanzu akwai irinsa na kamfanoni da yawa. Shi mai ne tsararo ƙwarai, dangin kananzir. Yana kutsawa ƙarƙashin ruwa ya ture shi. Bayan ɗan lokaci yawancinsa ya bi iska, ya bar ɗan maiƙo kaɗan. Na ƙarfe ne. Ba a fesa shi a tufafi, domin zai bar tabo.

Akwai kuma na yadi da fata. Sanannen cikinsu shi ne Scotchgard, na kamfanin 3M a Amurka, wanda aka fara sayarwa a 1956. Asalinsa haɗari ne. Wani ruwan gwaji ya zube a kan takalmin yadi na wata ma'aikaciya. Aka wanke aka wanke bai fita ba. Wata masaniya mai suna Patsy Sherman ta lura cewa wurin da ya zube ba ya jiƙewa, ba ya kama datti. Ita da abokin aikinta Samuel Smith suka bi diddigin abin har ya zama kayan sayarwa. Wasu na wannan layi da silikon ake yin su. Su ne suka fi dacewa da tamfol da laima da takalmin aiki.

Na baya-bayan nan shi ne mai kwaikwayon ganyen gwaza sosai. Misalinsa NeverWet, wanda ya shiga kasuwa a 2013. Gwangwani 2 ne. A fesa na farko, a jira kamar minti 30, sannan a bi da na biyu. Ruwa yana tsalle a kansa abin sha'awa. Amma yana barin fari-fari kamar hazo a jikin kaya. Kuma ba ya jure guga. Inda hannu yake yawan taɓawa, nan da nan yake gogewa. Sabulu da mai ma suna kashe shi. Ga tsada. Masu talla ba su cika faɗin wannan ba.

Bindigar Maharbi

Kafin komai, bindiga ba abin wasa ba ce, kuma tana da doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta tanadi lasisi ga mai riƙe bindiga. Maharbi ya je ofishin 'yan sanda ya tabbatar takardunsa sun cika. Bayaninmu na masu riƙe ta bisa ƙa'ida ne: maharba, da masu gadin gona, da bayin sarki masu buga ta ranar hawan sallah.

Farauta aikin rani ne. Da ruwa ya sauka, yawancin maharba sukan koma gona, su rataye bindiga har sai an yi girbi. A waɗannan watanni 4 ko 5 ne take lalacewa, ba a dawa ba.

Kai maharbi, abu na farko, ka tabbatar babu komai a cikinta. Kada ka ce ai na tuna ban ɗura ba. Mai harsashi, ka karya ta ka duba da idonka. Ta toka kuwa, wadda ake ɗurawa ta baki, ga dabara. Ranar da ka san babu komai a ciki, ka zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi mata alama daidai bakin bindigar. Daga ranar, duk lokacin da ka zura sandar alamar ta tsaya a sama, to, akwai abu a ciki. Kada ka leƙa bakinta. Kada ka busa da bakinka. Kullum bakin ya kalli inda babu mutum, babu dabba.

Albarushi haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. In ya ƙone yana barin baƙar dauɗa a cikin bututu. Wannan dauɗa tana jawo danshi daga iska. A lokacin laima, dare ɗaya ya isa tsatsa ta fara. Nan ne wasu suke kuskure. Suna fesa magani ko su zuba mai a kan dauɗar, suna zaton sun gyara. Mai ba ya narkar da gishiri. Sai dai ya haɗu da dauɗar su yi danƙo kamar kwalta, tsatsa kuma tana ci a ƙarƙashi. Ruwa ne yake narkar da ita. A wanke cikin bututun da ruwan zafi da ɗan sabulu. A ɗaura tsumma a sanda a yi ta gogewa, ana canja tsumman, har ya fito fes. Amfanin ruwan zafi, yana ɗumama ƙarfen ya bushe da wuri. Sai bayan nan feshi yake da amfani. A fesa kaɗan domin ya kori sauran ruwan da ya ɓuya a lungu. A goge. Sannan a bi da tsumma mai ɗan man keken ɗinki ko man bindiga, domin maiƙon feshin shi kaɗai ba zai kai watanni ba.

A bayan bindiga kuwa, a fesa a tsumma, a shafa da tsumman. In aka fesa kai tsaye, yana gangarawa cikin ƙota. Itace in ya sha irin wannan mai shekara da shekaru, yana baƙi, ya yi laushi, kusoshinsa su saki. Abin da ya dace da ƙota shi ne kakin zuma. A shafa kaɗan, a murza da tsumma har ya yi sheƙi. Baƙin launin da ke jikin ƙarfen bindigar kanti shi ma kariya ne. Kada a kankare shi da yashi ko samfefa. In ɗan ja ya fito, tsumma mai mai ya isa, a bi shi a hankali.

Irin feshin nan mai kauri, mai barin fari-fari, kada ya shiga cikin bututu. Kada ya shiga wurin kunama. Sassan nan a matse suke, ɗan kauri kaɗan zai sa su cije. A ganina ma bai dace da jikin bindiga ba sam, tun da mai yana kashe shi, bindiga kuwa ba ta rabuwa da mai. Wanda ya saya, ya fesa a jakar farauta da hula da takalmi. Can zai ga amfanin kuɗinsa.

Kada a fesa komai a kan harsashi ko kusa da albarushi. Mai yana iya ratsawa ya kashe shi. Haka nan kafin a sake ɗura bindigar toka, a goge man da ke ciki da busasshen tsumma, a tsokace ɗan ramin da wuta take bi. Albarushin da ya sha mai ko laima yana iya ƙin tashi. Mafi muni, yana iya yin jinkiri, ya tashi bayan mutum ya sauke bindigar yana dubawa. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana kallon daji, ka jira aƙalla minti ɗaya cikakke kafin ka taɓa komai.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. Kada a jingina ta da bangon ƙasa, domin bango yana shan ruwa da damina. Kada a naɗe ta a leda ko buhu, ko a bar ta cikin gidan fata. Duk suna riƙe danshi. Takobi da wuƙa ma in suka yi damina a cikin kube haka suke yi. A rataye ta a sama, bakin yana kallon ƙasa, domin mai ya gangara waje maimakon ya taru a gindi. A ɗaura ɗan ƙyalle a bakin ta waje. Dalili, zanzaro yana son ramin bindiga, yana shiga ya yi gininsa na laka. Bututun da ya toshe yana fashewa in aka harba. A kwance ƙyallen kafin a fita. Kuma a ajiye ta babu ɗuri, inda yara ba za su kai ba, albarushi a wani wuri dabam nesa da murhu.

Magana ta ƙarshe a kan bindiga. Da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa a gida, bututunsu ba don harbi aka yi shi tun farko ba. In tsatsa ta riga ta yi masa ramuka masu zurfi, ya yi siriri ke nan. Babu feshin da zai mayar da ƙarfen da ya tafi. Irin wannan bindiga ita take raba mutum da yatsunsa ko idonsa. A daina harba ta.

Keke Da Babur Da Kayan Gona

Mai babur ya san wannan. Ya ratsa rafi ko ruwa ya dake shi a hanya, sai injin ya mutu. Sau da yawa ruwa ne ya shiga hular fulogi. A bar injin ya ɗan huce. A cire hular, a goge, a fesa kaɗan a ciki da kan wayar. A jira 'yan mintoci warin ya fita, sannan a tayar. Wannan shi ne ainihin aikin da aka yi maganin dominsa. Kan batir kuwa, giris ko basilin ya fi.

Notin da ya ci tsatsa ya ƙi kwancewa, a fesa masa, a ɗan bubbuga, a bar shi ya sha. Wani sai ya kwana. Ya fi a yi ta murɗawa da ƙarfi har ya karye.

Kacar keke in ta sha ruwa, feshi zai kori ruwan. Amma shi ba man kaca ba ne, ba ya daɗewa. A bi da man gaske, sannan a goge wanda ya yi yawa, domin yashi yana manne wa mai ya cinye haƙoran. A kiyaye burki. Ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa robar burki, ko gefen wilin da take kamawa, ko taya, ko bel ɗin injin niƙa. Burkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Kwaɗon ƙofa da hinji suna son feshi da damina. Da hunturu kuwa ƙura tana manne wa maiƙon, kwaɗon ya cije. A lokacin, ɗalibin yaƙi da jahilci yana da magani a aljihunsa. Ya goga bakin fensirinsa a jikin makulli, ya zura ya fitar sau da yawa. Baƙin fensir yana sa santsi, kuma ba ya kama ƙura. Keken ɗinki, a bar shi da mansa na asali. A dai rufe shi da zane, a ɗaga shi daga ƙasa.

Fartanya da garma da lauje da gatari fa? Gaskiya, ɓata kuɗi ne a fesa musu maganin gwangwani. Ƙasa za ta goge shi a kunya ta farko. A wanke laka da yamma, a shanya, a rataye. Wannan ya fi komai. In za a ajiye su har baɗi, a cika tsohon bokiti da yashi, a zuba ɗan baƙin mai a gauraya. A caka bakin kowanne a ciki sau 3 ko 4. Yashin ya goge, man ya rufe. Garmar shanu, bayan an gama huɗa, a wanke ta a shafe da giris. Injin ban ruwa da za a ajiye har rani, a tsiyaye ruwan da ke cikin famfonsa, a fesa wa notuna da wayoyi, a ɗora shi a kan katako. Baƙin mai yana da dauɗa mai cutarwa. A wanke hannu bayan an taɓa shi, kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya.

Takalmi Da Tamfol Da Jakar Makaranta

Wannan sashe na feshin yadi da fata ne. Ƙa'idarsa, kayan su zama masu tsabta, busassu ƙarau. In aka fesa a kan datti, dattin aka rufe. In aka fesa a kan jiƙaƙƙen takalmi, an kulle danshi a ciki, fumfuna za ta ji daɗi. Fata in ta jiƙe, a inuwa ake shanya ta. Kusa da wuta tana ƙanƙancewa ta tsage.

A girgiza gwangwanin sosai. A riƙe shi nesa da kayan kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. A bi a hankali, kada ya yi ta zuba. Shafi 2 marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A bar na farko ya bushe kafin na biyu. A ba shi kwana ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi. Wani yana sa fata ta yi duhu. Saboda haka sirdi, ko jaka ta jar fatar Sakkwato, ko babbar riga, a fara gwadawa a wani lungu da ba a gani.

Yana da amfani a kan laima ta yadi da ta fara shan ruwa, da tamfol na yadi da ake rufe amalanke, da takalmin yadi, da jakar makarantar yara domin littattafai su tsira daga yayyafi. Tamfol na leda ba ya bukatarsa. A sani kuma, feshi ba ya toshe huda. Tamfol da ya yage sai ɗinki, sannan a goga kaki a kan ɗinkin. Kwanon da yake yoyo sai faci. Bangon ƙasa sai yaɓe. Kuma takalmin da aka fesa wa, in aka shiga kududdufi da shi, zai jiƙe. Yayyafi da raɓa yake karewa.

Ga yadda za a gane ko yana nan. A ɗiga ruwa a kai. In ya dunƙule kamar a ganyen gwaza, lafiya. In ya baje, wurin ya yi duhu, ya goge ke nan, sai a sake. Wanki da sabulu yana rage shi.

A Kula Da Lafiya

Wasu daga cikin magungunan yadi ana haɗa su da sinadarai waɗanda ba sa ruɓewa. Suna daɗewa a ƙasa da ruwa, suna taruwa a jinin mutum. Saboda haka ne a shekarar 2000 kamfanin 3M ya ba da sanarwar daina yin sinadarin PFOS, wanda yake cikin Scotchgard na da, ya canja haɗin. A 2009 ƙasashen duniya suka sa PFOS cikin jerin abubuwan da aka taƙaita amfani da su. To, kowane iri ne, kada ya kusanci abinci. Ban da tukunya, da ƙwarya, da randa, da gugar rijiya, da buhun hatsi. Wuƙar girki, a goge ta ta bushe, a shafa ɗan man gyaɗa. Ban da kayan jarirai da tufafin da ke manne da jiki. Ban da gidan sauro, domin yana da nasa maganin. Ban da wayar hannu, da rediyo, da gilashin sola.

Babban haɗari shi ne shaƙa. Abin da yake hana ruwa zama a takalmi, in ya shiga huhu yana hana shi aikinsa. A watan Maris na 2006 a Jamus, wani feshi mai suna Magic Nano, na gilashi da tangaran ɗin banɗaki, ya sa fiye da mutum 100 ciwon numfashi. Wasu sai da aka kwantar da su a asibiti. Cikin 'yan kwanaki aka janye shi daga kasuwa. Ɗakunanmu kuwa tagoginsu ƙanana ne. A yi feshi a tsakar gida, a juya wa iska baya, a rufe hanci da ƙyalle. Yara da mai ciki da mai asma su yi nisa. Kaji da tantabaru ma a kore su. Kada a sha taba ana yi, ko bayan an gama kafin a wanke hannu.

Wanda ya fara tari, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko zazzaɓi ya kama shi bayan feshi, a fitar da shi iska, a kai shi asibiti. A tafi da gwangwanin domin ma'aikacin lafiya ya karanta. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. In yaro ya sha, kada a ba shi manja ko wani abu domin ya yi amai. Amai yana iya tura man cikin huhu. A gaggauta kai shi asibiti. Wasu kuma suna fesa WD-40 a gwiwa wai maganin sanyin ƙashi ne, kamar yadda wasu suke zuba man burki a ciwo. Ba magani ba ne. Na ƙarfe ne, a bar wa ƙarfe.

A duba jikin gwangwanin, za a ga hoton harshen wuta. Ma'anarsa, abin da ke ciki yana kamawa da wuta. Kada a fesa kusa da murhu, ko fitila, ko aci-balbal, ko injin da yake aiki. Yawancinsu an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. Da bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Gwangwanin da aka bari a rana, ko cikin mota a rufe, ko dab da kwanon rufi, yana iya fashewa. A ajiye shi a inuwa, a sama, inda hannun yaro ba zai kai ba.

Ko ya ƙare, akwai sauran iska a matse a ciki. Kada a huda shi da ƙusa. Kada a ba yara su yanka su yi mota da shi. Kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin zai tashi kamar harsashi. A fita waje, a danna har ya daina huci gaba ɗaya, sannan a haɗa shi da tsofaffin ƙarafa a ba 'yan gwangwan.